Masu Sayar da Ruwa a Hanyar Lubban

Shekara tara na yi a Guangzhou ina aikin tafinta. 'Yan kasuwar Kano su sauka, in taryo su, in kai su Zhanxi Lu su zaɓi takalma, in yi musu ciniki da Sinanci. Rabin aikin fassara "mei you" ne, wato babu, kalmar da ko akuya ta kwana uku a garin za ta iya.

Maƙwabcina a masauki Kirista ne daga kudancin Kaduna, yana karatun haɗa magunguna. Wata Asabar ya dawo daga kasuwa da ƙullin lubban, ƙaron nan da matanmu ke zubawa a garwashi. A nan magani suke yi da shi. Ya ce littafin karatunsu ya ambaci raƙuman da ke ɗauko shi daga kudancin ƙasar Larabawa, su keta hamada wajen wata biyu har bakin tekun Sham. Garuruwan da ke kan hanyar ba su da itacen lubban. Ruwa suke sayarwa, da harawa, da rakiya, kuma sun yi arziki.

Na ce, "To me ya kashe hanyar?"

"Jirgin ruwa, malam. Da aka gane iskar teku, kaya suka daina bi ta ƙofarsu."

Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da cin shinkafata. Ban gaya masa wata huɗu ke nan ban taryo kowa ba. Saura mutum ɗaya nake jira, wani dattijo mai shagon takalma da ke zuwa duk bayan babbar sallah. Na ƙudurta in ya zo zan sabunta takardar zama, in bai zo ba in tattara.

Ranar Juma'a, ina fitowa daga masallacin Huaisheng, sai ga kiran dattijon.

"Ɗana, bana ba sai na wahalar da kai ba. Jikata ta sa min wani abu a waya, shi ke yi mana tafinta da laoban, mai kayan. Duba min hoton nan kawai, fatar gaske ce?"

Na buɗe hoton. Fata ce, kuma farashin da aka ba shi ni ban taɓa samo masa irinsa ba. Abin ya yi min ciwo.

"Fata ce, Baba. Ka saya."

Da na koma masauki na tambayi maƙwabcina ina masu sayar da ruwan nan suka nufa daga baya. Ya yi ɗan tunani, ya ce littafin bai bi ta kansu ba.