Ruwan da Nake Saya wa Inna

Jama'a, ku ji abin da ya same ni.

Wata guda ke nan ina saya wa Inna, mahaifiyata, wani ruwan gora mai tsada da wani mai kwat yake talla a motar haya ta danfo. Ya ce daga Turai ake kawo shi, yana warkar da ciwon suga.

Yau na kai tumatir Ikorodu, ruwan sama ya tsare ni, na fake a wani kango. Ina leƙawa sai ga gorunan nan jibge, ana ɗura musu ruwan wata rijiya a bakin kwata. Mai kwat ɗin yana tsaye, ya kuwa gane ni.

Ya matso ya ce, "Malam, ka ga wani abu?"

Na ce, "Ban ga komai ba, Oga."

Na fita cikin ruwan, na kama mota. Ina isa gida a Agege na tarar da Inna kwance, leɓe a bushe, da ƙyar take magana.

Na ce, "Inna, ina ƙwayoyinki na asibiti?"

Ta ce, "Sati uku ke nan da na zubar. Ba kai ka ce ruwan goran nan ya fi ba?"

Muna asibiti yanzu. Likita bai fito ba tukuna.