Layin da Shanu Suka Zana

Shekarun baya, lokacin da nake digiri na biyu a fannin tsara birane, na zaɓi garinmu Kontagora na yi bincike a kansa. Abin da nake son tabbatarwa shi ne sababbin unguwanni turakun lantarki suke bi, inda waya ta je nan gidaje ke tsirowa. Na samo hotunan garin na tauraron ɗan'adam, tsoho da sabo, na buga su manya-manya. A lokacin kuwa ji nake da kaina, wallahi kamar ni na harba tauraron.

Sai wata unguwa ta bayan gari ta ƙi ba ni haɗin kai. Ko'ina turakun a miƙe suke, amma a nan layin ya yi ta lanƙwasa kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa, gidaje kuma na biye da shi. Malamin da ke duba aikina ya ɗora biro a wurin ya ce, "Me ya lanƙwasa wannan? In ba ki da amsa nan da sati biyu, sai dai ki jira baɗi."

Baɗi fa! Na dawo gida hankalina a tashe. Na yi yawon ofisoshi har takalmina ya tsinke, kowa sai ya ce haka ya tarar.

Ranar wata Laraba da hantsi na baje hotunan a tabarma ina ta zuba musu ido, sai ga ƙawar mahaifiyata, wata dattijuwar Bafulatana da ta daɗe tana kawo mana nono. Ta sauke ƙwarya ta ce, "Ɗiyata, wane irin zane ne wannan?"

Mahaifiyata ta ce, "Garinmu ne wai, daga sama. Shi ya hana ta cin abinci."

Don kada na yi rashin kunya na nuna mata kasuwa da rafi, a raina ina cewa me za ta gane. Ta durƙusa ta ƙura wa hoton ido. Can sai ta ɗora yatsa daidai inda malamina ya ɗora biro.

"Ai wannan burtalinmu ne."

"Inna, burtali kuma?"

"Hanyar shanu mana. Ina ƙarama nan muke bi." Yatsanta ya fara tafiya. "Nan mukan kauce, akwai laka mai riƙe ƙafar saniya. Nan tsamiya ce, a nan ake hutawa. Nan kuma gonar wani Bakambare ce, mutumin kirki, babana ya ce ko kara ɗaya kada a taɓa masa, shi ya sa muke zagayawa."

Kowace kwana da ta hana ni barci, matar nan da ba ta taɓa riƙe taswira ba ta san dalilinta. Washegari na hau Keke Napep na je, na tarar da tsamiyar tana nan a gaban wani shagon cajin waya. Dattawan unguwar suka ƙarasa mini labarin: da masu kafa turaku suka zo, burtalin ne kaɗai fili da ba gonar kowa ba, sai suka bi shi, gidaje suka biyo wuta.

Malamina ya karanta babin, ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah." Na gama a shekarar.

Har yau in na bi titin nan Keke ya sha kwana, mamaki nake yi. Mutuncin da wani makiyayi ya yi wa gonar maƙwabcinsa ya zama kwanar titi, har ana hango shi daga sararin sama. Tun daga nan ban ƙara kallon hoton gari ba sai na nemi wanda ya taka shi da ƙafa.

Da na kai wa Inna mai nono albishir ta yi ta sa mini albarka. Tana ɗaukar ƙwaryarta ta juyo ta ce, "To ɗiyata, a takardar taki an rubuta inda shanun za su bi yanzu?"

Shafi ɗari da wani abu na rubuta, babu wannan a ciki.