Kallabin da Na Yaga a Gonar Baba

Warin hayaƙin sassabe ne ya tarbe ni tun kafin in hango gonarmu ta hanyar Kurni. Na zo hutu daga lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, shekara ta biyu ke nan damina na yi mana rowa. Soja ke mulki, rediyo kullum cewa yake a ƙara noma.

Baba kuwa ya daɗe yana ƙarawa. Zamanin gyaɗa, duk shekara sai ya ci daji ya faɗaɗa gona, har ya yi karo da maƙwabta ta kowane gefe. Daji ya ƙare, ba sauran wurin da za a bari ya huta. Ƙasar ta yi fari fat, iska na kwasarta kamar gari a faifai.

Na same shi yana bin tohon gawo da gatari.

"Baba, a bar mini waɗannan."

"Miya za ki yi da su?"

Na ba shi labarin ranar da malaminmu ya sa muka damƙi ƙasar gindin gawo, muka damƙi ta fili. Ɗaya baƙa mai laushi, ɗaya yashi zalla. Na ce tunda gonar ba ta da wurin faɗi, sai mu ciyar da wadda ke hannu.

"Sai da kika je Damagaram kika san gawo? 'Yar lakwal, gonar da aka bar wa toho, ta rago ce. So kike a riƙa nuna ni ranar kasuwa?"

Ban iya gardama ba, har yau ma. Na cire kallabina, shuɗi, sabo, na yayyaga shi. Duk tohon da na tarar sai in rage rassan, in bar mafi ƙarfi, in ɗaura masa ƙyalle. Ƙaya ta farfasa mini yatsu. Bakwai na ɗaura, na tsaya a gaban na farko.

Baba ya iso, gatari a kafaɗa. Ya daɗe yana kallon ƙyallen yana kaɗawa.

"Kin yi asarar kallabi," ya ce, ya kewaye ya wuce.

An yi masa dariyar kuwa. Masu wucewa kan ce, "Malam, gona ta yi kwalliyar Salla!" Ruwa bai wadata a shekarar ba, awaki suka cinye uku. Huɗun da suka rage, duk hutu nakan je in yi musu aski, in sake ƙyalle, har suka fi ni tsawo, gero ya fara duhu a gindinsu.

Sai bayan rasuwar Baba ne Inna ta gaya mini cewa tohon nan ba daga iri ya fito ba. Daga saiwar itatuwan da ya sare ne da hannunsa, shekarar da aka haife ni, don ya shuka gyaɗa.