Amsar da Yaya Ya Ba Likita

Yayana ya yi shekaru yana feshin maganin sauro a wata babbar makarantar gwamnati. Kullum da famfo a kafaɗa, ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai, ya rufe tagogi ya fesa. Ko tsumman toshe hanci ba a taɓa ba shi ba. Da ƙirjinsa ya lalace har tari ya hana shi hawa bene, sai aka ce likita zai duba ko aikin ne ya jawo masa. In aikin ne, a sallame shi da fansho. In ba shi ba ne, ya naɗe tabarmarsa ya koma Kiru.

A lokacin ina koyarwa a elementare a Bebeji, ba a kai ga samun 'yancin kai ba. Saboda ɗan Turancina ya aiko in je in yi masa tafinta. Tun a hanya nake roƙonsa.

"Yaya, don Allah ka faɗa musu gaskiyar yadda kake ji. Can ba zauren gaisuwa ba ne."

Ya ce, "To."

Likitan Bature ne. Ya ɗora abin saurare a ƙirjin Yaya, ya ji abin da ya ji, sannan ya tambayi jiki.

"Da sauƙi, alhamdulillahi," in ji Yaya. Mutumin da sai da ya huta sau uku kafin mu kai ƙofar ofishin!

Likita ya ce in tambaye shi ko maganin da yake fesawa ne ya sa masa ciwon. Yaya ya sunkuyar da kai. A gidanmu ba a kai ƙarar inda ake cin abinci, ba a kuma ɗora wa mutum abin da Allah ya ƙaddara.

"Ranka ya daɗe, ciwo na Allah ne. Ba wanda ya sa mini."

Na dube shi, ya ƙi dubana. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa gyara masa magana a gaban baƙo ba. Na juya ta da Turanci yadda ya faɗa. Likita ya rubuta, ya rufe takarda.

Har yau raina a ɓace yake da wannan Bature. Ya daɗe a ƙasar nan, ya san ko a bakin mutuwa "da sauƙi" muke cewa. Kunnensa ya ji ƙirjin, amma ya zaɓi gaisuwa, don ita ce mai arha. Ina jin haushin Yaya ma, Allah ya jiƙansa. Damina biyu ya yi a Kiru yana zaune a gefen gona, fartanya ta gagare shi, matarsa na sayar da ƙuli-ƙuli ana ciyar da yara. Da ya rasu kowa sai yabon haƙurinsa yake yi, ni kuwa kamar in yi ihu.

Amma wanda na fi jin haushi shi ne tafintan. A motar da ta dawo da mu, Yaya ya dafa gwiwata yana tari, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ba ka ƙara mini ko kalma ɗaya ba."