Inna Ba Ta Fita Sai Da Dalili

"Wai wa za mu gaisar a bayan dutsen nan?" Inna ce ke tambayata, muna tsakiyar 'yar hanyar da ta ratsa gonakin gero a wajen Roni.

Likita ya ce mahaifiyar tawa ta riƙa tattaki saboda hawan jini. Ita kuwa ta ce mace mai shekarunta ba ta fita sai da dalili: biki, suna, dubiya ko ta'aziyya. Ni kuma na san halin kayana. Na ce mata ziyara za mu, ban faɗi wurin wa ba. Har goro ta ƙulle a bakin mayafi.

Hanyar ba nisa, ba hawa mai wuya. Muna zagaya dutsen sai ga ruwan damina yana kwararowa daga sama, bai fi tsayin ɗaki ba.

Na ce, "Inna, ga mai gidan."

Na jira faɗa. Sai kawai ta tuɓe takalmi, ta tsoma ƙafa a ruwan.

"Nan muke kawo shanu ni da Yaya Hansai, Allah ya jiƙanta," in ji ta. "Tun da aka kai ni Kazaure ban sake zuwa ba. Ashe ba ƙarya ka yi ba, ɗan nan. Ziyara ce."

Goron kuwa a hanyar komawa ta bayar da shi sadaka, da niyyar ladan ya kai wa yayarta.

Yanzu ita ke tambaya yaushe za mu koma.

Masu iyayen da ke ƙin motsa jiki, ku bar kawo musu zancen likita, ku nemo musu wanda za su gaisar. Ko ku wace dabara kuke yi?