Hoton Ɗakin Hajiya Hansai

Duk wanda ya tashi tsakanin Funtua da Bakori, da wuya a rasa hoton da Maitama ya ɗauka a gidansu. In ba na aure ba, to na suna. In ba na suna ba, to ɗan ƙaramin nan na fasfo da ake mannawa a takardar neman taki ko ta kujerar Makka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hularsa kullum a karkace saboda yawan kanga kyamara a fuska. Ubansa manomin auduga ne a Tsiga, ya so ɗan ya gaje shi, amma Maitama tun yana yaro ya gane shi da fartanya ba za su taɓa jituwa ba. Ya gudo Funtua ya koyi sana'a wajen wani Bayerabe mai shago kusa da tasha, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, mutum ya yi ta zarya kafin ya ga fuskarsa.

Ya ci zamaninsa, wannan ba mai musu. Sai waya ta zo ta shiga aljihun kowa, har mai tallan gyaɗa ta zama mai hoto. Kasuwa ta ja baya, shagon ya koma rabi hoto rabi buga katin gayyata. Maitama bai cika damuwa ba, domin akwai abu ɗaya da waya ba ta iya ƙwace masa, shi ne gidan Hajiya Hansai na Tsiga.

Gida ne babba irin na da, na manoman masara, mai zaure da soro. Namiji baƙo iyakarsa zaure, ko da kuwa shi ne mai gyaran wuta, sai an kawar da mata kafin ya wuce. Maitama kaɗai ke sallama ya kutsa har ɗakin tsohuwar ba mai ce masa kanzil, saboda a ɗakin aka yaye shi. Hajiya Hansai aminiyar uwarsa ce, ita aka kai wa shi da ya isa yaye, ta yi ta ɗura masa kunu yana tsala ihu har ya haƙura. Tun daga nan ya zama ɗan ɗaki. Auren 'ya'yanta mata, sunan jikokinta, dawowarta daga Makka da haƙorinta na zinariya, duk shi ya ɗauka. In ana hirar masu hoto a Funtua, da wannan yake rufe baki: akwai gidan da shi kaɗai ke shiga da kyamara.

Ana nan sai ga Awaisu. Ɗan unguwarsu ne, da can cajin waya yake yi a bakin kasuwa, ya ɓace zuwa Kano na wasu shekaru, ya dawo da gemu da jaka a baya da kyamara mai wani dogon ido fari kamar taɓarya. Idon kyamara, wanda 'yan zamani ke ce wa lens, shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, kuma na Maitama gajere ne baƙi, duk fentinsa ya goge. Da shi ya yi aikinsa kaf, bai taɓa jin ya gaza ba sai ranar da ya ga na Awaisu a wani biki a Malumfashi. Awaisu ya tsaya can nesa gindin darbejiya yana ɗaukar ango, yara da manya sun bar angon suna kallon kyamarar. Shi kuwa Maitama yana tsakiyar rana yana ta "ku matso, ku matso", ba wanda ya ko dube shi.

Daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsa. Hotunan Awaisu suka cika wayoyin garin: fuska tar, bayanta kuwa ya narke, ba ka ganin kwata ko akuyar da ta gitta. Maitama kan karɓi wayar 'yarsa Sadiya, wai zai duba lokaci, sai ya shige shafin Awaisu yana buɗa hoto da yatsu biyu yana neman aibu. In ya samu hular da ta ɗan yanke, ranar har ƙarin tuwo yake nema. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yaron ba shi da rashin kunya ko kaɗan. Duk inda suka haɗu sai ya rusuna ya ce, "Baba Maitama, ina wuni, ya ƙoƙari?" Da ma ya taɓa yi masa kallon banza, da ya samu abin kamawa.

Matarsa Lauratu ta gano shi tun da wuri. "Malam, yaron nan fa bai ci maka komai ba," in ji ta, tana tankaɗe.

"Wa ya ce ya ci mini? Ni tausayin mutane nake ji. Hoto ne wannan, a goge wa mutum gidansu daga bayansa?"

"To, Allah ya ba ka haƙurin tausayin."

Da kaka ta yi, aka sayar da masara, bukukuwa suka kankama, sai Alhaji Muhammad Sani, babban ɗan Hajiya Hansai, ya aiko cewa an sa ranar 'yarsa Nana Khadija. A bakin ɗan aiken Maitama ya ji sauran labarin: dangin ango 'yan Funtua ne, kuma Awaisu suka ɗauka. Wato a ƙofar gidan da yake taƙama da shi za a jera su, kowa ya ga nasa ya ga na yaron. Ya kwana biyu yana juyi, sannan ya sayar da masarar da aka noma masa a gonar gado, ya hau motar Kano.

Mai shagon da ya je wurinsa, wani Jibo, mutum ne mai son a yi ciniki a kuma dawo. Ya jera masa idanu a kan tebur, ya tambaye shi wane irin aiki ya fi yi.

"Biki da suna," in ji Maitama.

"A fili ko a cikin gida?"

"Duka."

"To ga naka, Alhaji." Ya tura masa wani matsakaici. "Wannan yana buɗewa ya kwashe ɗaki, yana kuma jawo na nesa daidai gwargwado. In ka haɗa shi da tsohon naka, ka gama. Mai aikin cikin gida ba ya rabuwa da mai faɗi."

Maitama ko taɓa shi bai yi ba. Idonsa na kan wani da ke cikin gilashi, fari, wanda a ƙiyasinsa ya ɗara na Awaisu da kusan taƙi guda. Jibo ya ce wannan na masu ɗaukar ƙwallo ne da sukuwa, sai abu ya yi nisa yake aiki. Maitama ya ji maganar sarai, amma abin da yake gani a ransa shi ne fuskar Awaisu. Kuɗin hannunsa bai kai ba sai ya haɗa da tsohon idon, Jibo ya ce kada ya yi haka, ya sake cewa kada ya yi haka. Maitama ya kwance gajeren da hannunsa ya ajiye a tebur, ko waiwayarsa bai yi ba.

Ranar ɗaurin aure kuwa ya sha kallo, har ya ƙoshi. Ya iso Tsiga a kan babur da abin a rataye a ƙirji, yara suka biyo shi a guje. Wani dattijo ya ce, "Kai Maitama, wannan ai sai ka nemi lasisi!" Aka yi dariya, shi ma ya yi, har kunne. Ya koma can bakin masallaci yana ɗauko fuskokin manya ɗaya bayan ɗaya, liman yana shafa fatiha, Alhaji yana share ƙwalla, kuma wallahi hotunan sun yi kyau. Awaisu ya zo ya rusuna, ya dubi idon ya ce, "Masha Allah, Baba, kaya sun yi. Allah ya sa a kashe lafiya." Maitama ya so ya ga hassada a fuskarsa ko ta ƙwayar gero, bai gani ba, sai daɗin ya ragu.

Bayan la'asar aka aiko Hajiya na kira. Ya gyara hula, ya ratsa mazan da ke zaure, ya wuce Awaisu da ke zaune a kan tabarma, ya ɗaga labule ya shige yana jin kansa kamar hakimi.

Hajiya Hansai tun damina ba ta fita daga ɗaki ba, ciwon ƙugu ya kwantar da ita, ko juya ta za a yi sai ta yi salati da ƙarfi. An jingina ta da matasai a kan gadonta na ƙarfe, an ɗaura mata sabon ɗankwali. Ɗakin kuwa ɗan ƙarami ne, kabet ɗin kwanoni ya cinye bango guda, ga 'ya'ya da jikoki mata sun cika shi maƙil, na Kaduna da na Zariya da na Musawa, amarya a gefenta.

"Ɗan yayena, ka iso?" in ji ta. "Ka gan su nan, yau Allah ya tara mini su. Ban san ko zan sake ganinsu haka ba. Ka ɗauke mu gaba ɗaya, kada ka bar ko ɗaya."

"An gama, Inna."

Ya ɗaga kyamara ya kanga ido. Hancin Hajiya ya gani da ɗan kunne guda. Ya ja baya har ƙeyarsa ta bugi bango, ya samu fuskarta, ba ko kafaɗa. Ya murɗa idon iya murɗawa, abin ya ƙi buɗewa. Ya fita da baya ta ƙofa, ya yi ta ja har ya yi tuntuɓe da turmi a tsakar gida, 'yan mata suka ƙunshe dariya. Daga can ƙofar ɗakin ta tsare kowa, Hajiya kawai yake hange da rabin amarya. Zufa ta karyo masa. Ya ce ko za a fito da ita waje, matar Alhaji ta ce ko kusa, jiya da aka gwada sai da ta suma.

Ya ce bari ya canja batir, ya fito zaure don ya samu ya yi tunani. Awaisu kallo ɗaya ya yi masa ya gane, domin duk mai sana'ar ya san abin da dogon ido ke yi a ɗaki. Ya zuge jakarsa ya ciro wani ɗan gajere, ya matso ya rage murya.

"Baba, kyamararmu kamfani ɗaya ce, wannan zai hau taka. Ka shiga da shi."

Da a bayan gida ya ba shi, wataƙila da ya karɓa. Amma ga Alhaji Muhammad Sani a zaune, ga dattawan da suka yi masa kirari da safe, duk sun zuba ido. Maitama ya dubi ɗan gilashin a tafin yaron, ya ga ashe har irin nasa na da yana da shi, sabo fil, ajiye a jaka.

"Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki," ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji. "Ban taɓa aron kayan wani ba."

Ya koma ciki ya ce wa Hajiya zai ɗauke su bibbiyu, daga baya ya haɗa a kwamfuta. Tsohuwar ta dube shi, numfashinta ya fara nauyi saboda zaman.

"Ni a tare nake son ganinsu, Maitama, ba haɗe-haɗe ba. Bayana ya gaji." Ta juya ga wata jika. "Je ki ce wa babanku, yaron nan na dangin ango, in yana da abin da zai ɗauke mu, a shigo da shi. Ku kuma ku yafa mayafanku."

Maitama yana tsaye riƙe da taɓaryarsa ya ji sallamar Awaisu a tsakar gida, muryar namiji baƙo a tsakiyar matan gidan, abin da ba a taɓa ji ba. Yaron ya shigo kansa a ƙasa, ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya rasa yadda zai jera matan da bai san ko ɗaya ba. Hajiya ta ce Maitama ya jera su, shi ya san babba ya san ƙarama. Ya jera su kuwa, kowace a inda ya dace. Da ya gama zai raɓe ya fita, ta kama bakin rigarsa.

"Ina za ka? Zauna nan wajen ƙafata. Na ce kada a bar ko ɗaya."

Ya zauna. Awaisu ya manne da kabet, ya ce kowa ya dubi nan, ya danna.

Bayan an watse da 'yan makonni Maitama ya je gaishe ta, don ba zai iya ƙin zuwa ba. Hoton na rataye a bangon da take fuskanta, babba, cikin firam. Ya matsa kusa yana yi masa irin binciken da ya saba. Ba wadda ta rufe ido, ba wadda aka yanke wa kai, har kwanonin kabet sun fito ɗaya-ɗaya. A ƙasa daga dama an rubuta sunan shagon Awaisu da ƙananan baƙaƙe. Aibu ɗaya ya samu a hoton duka, wani gajeren mutum a gaba da farin abu a cinya, ya haɗe rai kamar an aiko masa da rasuwa.

"Kullum sai na kalle ka," in ji Hajiya Hansai daga kan gado. "Shekara da shekaru kana ɗaukarmu, ashe ba ni da hotonka ko ɗaya. Yaron nan ya gama mini komai. Allah ya yi masa albarka, ya ɗaukaka sana'arsa."

Ta dube shi tana jiran amsa, yadda ake jira in an yi addu'a. Maitama kuwa idonsa na kan sunan da ke ƙasan hoton.

"Amin, Inna," ya ce.