Falsafar da ta hana mu tuwo

Wata Juma'a a unguwar Malaz, can ƙasa mai tsarki, shekarun tamanin, mun hallara gidan Injiniya Sabo ana tuƙa mana tuwo, bayan mun yi watanni rabonmu da shi. Injiniya kuwa ya dage da bayanin wani Bafaranshe masanin falsafa: wai kowa 'yantacce ne, ba mai mulkarka sai ka yarda, ko da fasfonka na hannun kafil, wato ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar.

Sai matarsa ta leƙo daga kicin, muciya a hannu.

"Baban Amina, har da ni?"

"Har da ke mana!"

"To, khalas, shi ke nan. Na zaɓi hutu."

Ta kashe gas ta shige ɗaki. Kubus, burodin Larabawa, da shayi muka ci, kowa na harararsa.

Jama'a, tsakanin su biyun wa ya fi fahimtar Bafaranshen nan?